Kajina na mutuwa tsakanin azahar da la'asar, an ce wai rufin ne

Sabon Mai Kiwo, Kalgo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, hankalina ne a tashe. Ni malamin firamare ne, na daɗe ina noman rani na shinkafa a fadama, to bara kuɗin man ban ruwa ya cinye ribar kaf, sai na ce bari in gwada kaji. Filin na gado ne, ni da yayana muka raba, ya ɗauki bakin hanya ya bar mini na baya, shi ma rabon sai da kawu ya shiga tsakani, amma a bar wannan. Uwargida ta sayar da tumakinta ta ƙara mini, na kwashi adashin malamai, na yi ɗakin bulo na rufa da kwano. Na zuba buroila, wato kajin nama, guda 300 don kasuwar Sallah. Suna ƙanana ko tari babu. Yanzu sun shiga mako na biyar, zafi ya kankama, kullum bayan azahar sai in tarar sun buɗe baki suna haki, fukafukai a sake, sun cunkushe wajen ruwa, kuma manyan ne ke faɗuwa. Rigakafin Gumboro da Lasota duk na yi a kan lokaci. Mai shagon magani ya haɗa mini wani gari, ba canji. Jiya wani ya leƙa ya ce rufin ne. Ni dai kwanon sabo ne dal, ko yoyo ba ya yi. Uwargida ta daina tambayata, kallo kawai take bi na da shi. Yaya zan yi?

Maman 'Yan Biyu, Argungu:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Ka ba mu labarin gado da adashi amma ba ka faɗi girman ɗakin ba. Tsawonsa nawa, tagogi nawa, ina ya fuskanta?

Injiniya, Birnin Kebbi:
Hajiya, ko bai faɗa ba na san irin ɗakin. Ɗakin mutane ya gina ya zuba kaji. Malam, saurara. Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi. Jikinta kansa yana kusan digiri 41, kuma buroila da ta kai mako biyar tana son wurin da bai wuce digiri 24 ba. Mu kuwa a nan watan Afrilu inuwa ma tana haura 40. Shi kwano idan rana ta dake shi yana wuce 60, ya riƙa sauko da zafin kai tsaye a bayan kajin. Su ma kajin zafi suke fitarwa, iska mai zafi ta tashi sama, ta tarar ba ƙofa, ta dawo kansu. Tanderu ke nan. Shi ya sa manyan ke fara tafiya, su suka fi nama, sun fi cin abinci. Ba ciwo ba ne, ka daina ɓarnar kuɗi a shagon magani.

Sabon Mai Kiwo:
Yallabai, ɗakin ƙafa 20 ne da ƙafa 15, bango ƙafa 7, kwanon zubi ɗaya ne ya gangara baya. Tagogi huɗu ne da raga. Dogon gefen yana kallon yamma don haka filin ya zo. Kuma da gangan aka sassauta tsayin, kafinta ya ce rufi mai tsawo iskar farkon damina ke fara yayewa, kowa ya ga abin da ta yi a unguwarmu bara.

Injiniya:
Ka ji ko? Ƙafa 7! Ka miƙa hannu ka taɓa kwano. Ɗakin kaji a ƙasarmu gefensa ƙafa 9 zuwa 10 ne, tsakiya ya kai 13 ko 14, rufi mai zubi biyu. A ƙololuwa a bar buɗi kamar ƙafa ɗaya tun daga wannan kai har wancan, a ɗora masa ɗan ƙaramin rufi don ruwan sama, ta nan zafi ke ficewa. Bango jeri biyu na bulo kawai, sauran raga har sama. Bakin kwano ya leƙo waje ƙafa 3 ya yi wa ragar inuwa. Tsawon ginin ya bi gabas da yamma, rana ta bi ta kan rufi, ba ta shigo ta gefe ba. Kai ka ba ranar la'asar dogon bango tana gasawa. Ga cunkoso, ƙafa ɗaya kowace kaza a bazara ya yi kaɗan. Maganar iska kuma ta ɗauri ce, a ɗaure katako da rodi a jikin ginshiƙi. A kwance rufin nan a ɗaga, a fasa bango. Sauran duk dabarun jinkiri ne.

Ɗan Gwandu:
Injiniya, mutum na kuka da mutuwar yau kana kai shi ga gini. Mi za ya yi kahin gobe? Malam, nemi karan dawa ko zana ta gamba ka shimfiɗa bisa kwanon, ka danne da itace. Mu haka munka yi, ranar da anka ɗora ranar munka ga bambanci. Kakanninmu da sunka yi jinka da soron azara ba wawaye ba ne, shiga ɗakin jinka da tsakar rana ka ji.

Mai Turke, Jega:
Kara a kan kwano? Ni na yi wa shanun turkena, ɓeraye suka mayar da shi gida, damina ta zo ya jiƙe ya ruɓar da kwanon. Ga tsoron gobara. Kuma ku masu kaji kuna da sauƙi, mako bakwai kun fita. Mu wata huɗu muna ciyarwa, dusa ta yi tsada, harawa ta yi tsada, ka kai sa kara dillali ya zagaya shi ya taya kamar na sata. Bara wani ya karɓi raguna biyu wajena sai bayan Sallah, har yau bayan Sallar ba ta zo ba.

Ɗan Gwandu:
Ai ba a barin shi har damina. Ruwa na sauka ka sauke.

Maman 'Yan Biyu:
Ni farar ƙasa na dama na shafe bayan kwanon, fari yana mayar da hasken rana. Ruwa na wanke ta, duk shekara sai an sake, amma ba ta da tsada. Sannan Malam ka janye abinci daga hantsi har bayan la'asar, narkar da abinci ma zafi yake ƙara musu. Ka ba su da asuba da daddare, ka kunna musu fitila. Ina tankin ruwanka yake? In a rana yake, ruwan zafi kake ba su. Da ina sa ƙanƙara, to yanzu ina wutar? Sai a wuni a kwana ba a kawo ba, takardar biya kuwa ba ta makara.

Ɗan Kasuwa, Bunza:
A buga silin kawai a huta. Ko a sa rufin asbesto, ya fi kwano sanyi.

Ma'aikaciyar Lafiya, Zuru:
Don Allah a bar asbesto. Ƙurarsa idan ana yanka ko ya tsufa yana farfashewa tana jawo ciwon daji na huhu, ƙasashe da yawa sun hana amfani da shi.

Injiniya:
Silin a ɗaki mai ƙafa 7? Ya rage ɗan sararin da ya saura, ya yi wa ɓera bene.

Ɗan Kasuwa:
To ni nawa da silin yake kuma kajina na raye. Silin na tare zafin kwano, wannan ko kai ba ka musa ba. Ba komai ne sai an rushe ba, Injiniya.

Injiniya:
Naka tsayinsa nawa? Kajin ƙwai ne ko buroila? Kawo lissafi, ba labari ba.

Sabon Mai Kiwo:
Na gode ƙwarai, amma a fahimce ni. Fasa bango ba zai yiwu ba, wurin bayan gari ne, an sha ɗauke wa maƙwabcina awaki, raga kuwa almakashi ya ishe ta. Kuma da hunturu bangon nan ne ya riƙe mini ɗumi suna 'yan tsaki, lokacin ba wanda ya ce ginin bai yi ba. Janye abinci kuma ina tsoro, nauyi nake nema, in ba su cika ba wa zai saya da daraja? Tankin yana kan dakali a waje, amma baƙi ne mai kauri, ban jin zafi na ratsa shi. Ni abin da nake tunani shi ne watsa ruwa a kan kwanon da rana, ko fanka mai sola.

Ɗan Gwandu:
Baƙin tanki cikin rana? Sa hannu ciki da azahar ka ba mu labari. Watsa ruwa na aiki yanzu da iska ta bushe, in ka haɗa da zana ta riƙe laima. Kar dai ya zuba ciki ya jiƙa buntu, warin kashi ya tashi ya kama musu ido da ƙirji.

Injiniya:
Fanka a rufaffen ɗaki iskar zafin za ta riƙa juyawa. Hunturu kuma da labulen buhu ake tare shi, a sauke da dare a naɗe da rana, ba da bulo ba. In ba za ka taɓa bango ba, aƙalla cire jerin bulo na sama ta gefen da rufin ya fi tudu ka sa raga, kuma ka rage kajin. Matacciyar kaza ba ta da nauyi, Malam. Turo hoton ginin in nuna maka inda za a fasa.

Sabon Mai Kiwo:
Kafintan ɗan uwan uwargida ne, ba zan kira shi in ce ya kwance aikinsa ba, ku ma kun san yadda abin yake. Zan duba maganar zana in an yi albashi. Hoto sai na samu caji. Yau ma huɗu sun tafi.

Mai Turke:
Sauran nawa za ka bar su in an kwashe hamsin yanzu? Akwai mai gashi a nan Jega da ke nema, amma kuɗin sai bayan Sallah.