Neman kalma: me za mu ce da ƙwan LED na babur a rediyo?

Mai Shirin Hanya:
Assalamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis da safe za mu naɗi shirinmu na kiyaye haɗurra a nan Birnin Kebbi, kuma batun wannan mako shi ne 'yan kabu-kabu da ke cire ƙwan fitilar da babur ya zo da shi suna sa na LED don ganin hanya da dare. Takardar da aka ba ni da Turanci take, kuma LED ya fito a kusan kowane layi. A rubuce ba damuwa, haruffa uku ne. A baki fa? Mai sauraro a Bunza ko Dakingari ba ya ganin takardata. In ce "el-i-di", in ce "led", ko akwai kalmar Hausa da za ta zauna? Ina so in rufe rubutun kafin daren Laraba.

Rewaya Jega:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mu nan gareji hwarar wuta muka cewa, tsohon ko jar wuta. In yaro yaz zo yac ce a sa mai hwarar wuta, ba wanda ka tambaya tai mi yaka nuhi.

Ɗan Kamba:
Wajenmu bakin iyaka "ampul led" za ka ji, an ɗauko daga mutanen Gaya ta Nijar. Ki ce ƙwan led kawai Hajiya, an wuce wurin.

Baƙon Kano:
Ƙwan led? Ai bakin Bahaushe ba ya barin kalma ta ƙare haka tsirara, sai ya sa mata wasali. Kafin sati biyu ya koma ƙwan leda, tsohuwa ta aiki jikanta kasuwa ya dawo mata da ƙwan kaza a baƙar leda.

Malamar Kimiyya:
Farar wuta tana da daɗin faɗa, amma za ta ba ki matsala a cikin shirin kansa. Fitilar birki ja ce, ta sigina ruwan ɗorawa, kuma duk ana sa musu LED. Za ki ce jar farar wuta? Na farkon ma da ido ke iya ganin haskensa, wanda aka ƙera a Amurka a 1962, ja ne. Farin bai samu ba sai da aka iya yin shuɗi a farkon shekarun 1990, aikin da ya jawo wa Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014. Farin da ke gaban babur yawanci shuɗi ne aka lulluɓe da wani sinadari mai ruwan ƙwai. Saboda haka launi ba shi ne abin da ya raba shi da tsohon ƙwai ba. Tsohon yana da siririn zaren ƙarfe a ciki, wuta ta bi shi ya yi jawur ya ba da haske. Wannan ba shi da zaren, ɗan ƙwayar dayod ne da ke fidda haske in wuta ta ratsa shi. Ni dai ƙwai marar zare nake ce wa ɗalibaina, kuma suna ganewa.

Malam Na Gwandu:
Na karanta duka, kuma raina bai yi daɗi ba. Shekara da shekaru ina koyar da Hausa, abin da nake faɗa ke nan kullum: baƙon abu ya shigo, sai mu miƙe tsaye mu karɓe shi da sunan da ya zo da shi, kamar ba mu da baki. Wa ya ce mana jirgin sama? Wa ya ce mana gidan sauro? Kakanninmu ne suka duba abin suka raɗa masa suna da abin da ke hannunsu. Ƙwan fitila ɗin nan da kuke ta faɗa, ai Bahaushe ne ya kalli gilashin ya ga siffar ƙwai.

"Marar zare" kuma ba suna ba ne, ɗiyata, ba a kiran abu da abin da ya rasa. Ga shawarata: haskau. Tsarin yana nan cikin harshe tun fil azal. Mai yawan mantuwa mantau, mai jimiri jimrau, wanda ya gagara gagarau. Mai yawan haske haskau. Gaɓa biyu, ba ya sarƙe harshe, jam'insa haskau-haskau ko a bar shi yadda yake. Hajiya, ki faɗe shi sau uku a shiri ɗaya, ki ga in bai kama ba.

Ɗan Kamba:
Allah gafarta Malam, wallahi in na ji haskau a rediyo sai in ɗauka tallar man shafawa ce.

Malam Na Gwandu:
Kai da ke cewa ampul ba ka da bakin dariya. Aron Turanci bai ishe mu ba, sai mun haɗa da na Faransa.

Ɗan Kamba:
To Malam, fitila fa? Ba daga Larabci take ba, inda take nufin lagwani? Lantarki fa? Totur, birki, batir, taya? In muka kori baƙi daga jikin babur, sai dai a hau sirdi kawai, shi ma ban tabbata zai tsira ba.

Malam Na Gwandu:
Larabci ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu, yaro. Da shi aka yi karatu a nan tun kafin Bature ya san hanyar Sakkwato. Kuma waɗancan kalmomin sun shigo lokacin da ba a tambaye mu ba. Wannan an tambaye mu.

Rewaya Jega:
Malam, ni ban da ja da kai wajen nahawu. Amma ina tsoron sunanga don abu guda. Duk sunan da ka yabon haske talla ta, kuma yaranga ba su bukatar a ƙara zuga su. Hajiya, bari in hwaɗa miki abin da munka saba gani, ki sa shi cikin shirin ko da wane suna kinka zaɓa.

Babura da yawa irin namu, wutar hitilar gaba kai tsaye daga koyil taka zuwa, ba ta bin batir. Shi ya sa in ka sassauta totur sai ta dushe, in ka murɗa ta taso. Tsohon ƙwai bai damu ba. Shi ko sabon wuta mai tahiya hanya guda yaka so, irin ta batir. In anka cusa shi hakanan sai shi dinga rawa, kwana kaɗan ya mutu, yaro ya dawo yana zagin mai shago. Ko dai a sayi wanda anka rubuta AC/DC ga kwalinai, ko a juya wayarin ya bi ta batir da makulli, a sa mai fiyus. Kuma batirin ya zam mai rai. Tsohon ƙwai wat 35 ne galibi, sabon da yawa ba su cin rabin haka, wanga gaskiya ta. Amma in batir ya gaji, ko kaɗan ɗin ba ya iya bayarwa.

Sigina kuma, in ka canza ƙwan ba ka canza fulasha ba, wato 'yar na'urar da ka sa ta ƙiftawa, ko dai ta dinga ƙiftawa da sauri ko ta tsaya cak, don fulashar nauyin tsohon ƙwai ta sani.

Baƙon Kano:
Bayani ya yi, sai dai don Allah a rubuta fitila, ba hitila ba. Muna neman daidaitacciyar Hausa ne fa.

Kabu-kabu Argungu:
Kai baƙo, wa yad daidaita ta? Kun zo garinmu kuna ce muna 'yan acaɓa, mun yi shiru. Yanzu hitilarmu ma sai kun gyara? Rediyon Kabi za a yi shirin, ba na Kano ba.

Baƙon Kano:
Ni ban ce Hausarku ba ta da kyau ba. Amma ta littafi da jarida da jarrabawa an san wacce ce.

Malam Na Gwandu:
An san wacce aka zaɓa don buga littafi, ba a ce ita ta fi tsufa ba. Kabi na cikin daulolin ƙasar nan tun zamanin Kanta, je ka ga kufan Surame ka dawo mu yi magana. Sai dai a nan ɗan Kano bai yi laifi ba, a rubuce fitila ce. A baki kowa ya faɗi ta gidansu.

Mai Shirin Hanya:
Jama'a, don Allah. Daren Talata ne fa. Kanta da Surame sai wani shirin.

Kabu-kabu Argungu:
To ga suna, Hajiya: kashe-ido. Shi muka ce mai tsakaninmu in ba mu ne bisa babur ɗin ba. Ki bi hanyar Argungu zuwa Birnin Kabi bayan isha'i, wani ya tunkaro ki da shi, ba ki ganin rame, ba ki ganin amalanke, ba ki ganin shanu in sun tsallako. Sai ki rage gudu kina addu'a hal ya wuce. Kuma ni ma ina da shi ga babur ɗina, ba zan ɓoye ba, don hwasinja ya hi son mai haske. Amma lokacin hunturu in hazo ya sauka, hwarin dawo maka yaka yi cikin ido. Da yawa cikinmu mai ruwan ɗorawa muka kunnawa sannan.

Malamar Kimiyya:
Abin da Yaya ya faɗa yana da dalili, kuma laifin ba na ƙwan kaɗai ba ne. Kwanon da ke bayan gilashin fitila an ƙera shi ne don ya tattaro hasken da ke fitowa daga daidai inda zaren tsohon ƙwai yake, ya jefa shi ƙasa kan kwalta. In ƙwayoyin sabon ba su zauna a wannan gurbin ba, ko suka zagaye shi ta ko'ina, hasken sai ya watse sama da gefe. Mai babur ya ga wuri ya yi fari ya ɗauka ya ci riba, alhali nesa ba ta ƙaru ba, na gabansa kuma ya makance. Shi ya sa kashe-ido ma ba zai yiwu ya zama suna ba. Wanda aka sa daidai ba ya kashe idon kowa.

Rewaya Jega:
Haka na, Malama. Gwajin ba wuya. A tsai da babur wuri mai daidai, 'yan taku kaɗan daga bango, mai shi na zaune bisa, a kunna dim. Bakin hasken na sama ya tsaya ƙasa da tsayin hitilar kanta. In ya haura, a sassauta noti a duƙar da kan. In ko hasken ba ya da baki sam, ya watsu ko'ina, ƙwan ne bai dace da kwanon ba, a canza shi.

Ɗan Kamba:
To ƙwai mai sanyi fa? Tunda ba ya ƙona hannu.

Rewaya Jega:
Taɓa gindinai bayan tahiya ka ba mu labari. Gaba na da sanyi, baya ad da zahi, shi ya sa anka yi mai haƙarƙarin alminiyam ko 'yar fanka. Ƙurar Kabi in ta toshe fankar, ƙwan ya tahi.

Malam Na Gwandu:
Kun ga ko? Fari bai yi ba, sanyi bai yi ba, kashe-ido bai yi ba. Saura haskau, wanda har yanzu ba wanda ya kawo masa aibu na nahawu. Dariya kawai aka yi, dariya kuwa ba hujja ba ce. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ma an yi mata dariya.

Baƙon Kano:
Kuma har yau kwamfuta ake cewa, Malam.

Malam Na Gwandu:
Saboda masu rediyo sun ji kunyar harshensu.

Malamar Kimiyya:
Baba, aibunsa ɗaya ne a wurina. Cocila mai ƙarfi haskau ce, fitilar gas haskau ce, wata daren sha huɗu ma haka. Kalmar ba ta gaya wa mai saye wane ƙwai zai nema ba. In ya je shago a Jega ya ce haskau, sai an tambaye shi wanne. A kwalin kuwa LED aka rubuta, da shi zai gane abin da aka miƙo masa.

Mai Shirin Hanya:
Na gode muku duka. Ga yadda na rubuta, sai a duba min:

"Sabon ƙwan fitila marar zare, wanda aka fi sani da farar wuta, a kwalinsa kuma za ku ga an rubuta el-i-di."

Wannan sau ɗaya a farko. Daga nan sai in riƙa cewa ƙwan el-i-di, harafi harafi, don kada ya koma leda. Inda ake maganar wanda aka sa ba daidai ba, zan ari kashe-ido daga Argungu. Baba Malam, haskau zan ambace shi a ƙarshe a matsayin shawarar wani dattijo malamin Hausa, in ce masu sauraro su bugo waya su faɗi ra'ayinsu. Iya abin da zan iya ke nan a wannan makon.

Malam Na Gwandu:
Kalma ashirin da ɗaya don abin da gaɓa biyu za su ɗauka. Ban yarda ba, amma shirinki ne, ɗiyata. Sharaɗina ɗaya, in za ki faɗe shi ki faɗe shi da nauyinsa, ba kina murmushi a murya ba. Ana jin murmushi a rediyo.

Kabu-kabu Argungu:
Mu dai hwarar wuta za mu ci gaba da cewa.

Baƙon Kano:
Farar.

Rewaya Jega:
Hajiya, ban ga fiyus ba cikin abin da kinka rubuta. Ki sa shi. Kuma ki ce kar su yanke wayar babur da reza su naɗe da leda, su zo a yi musu da soket.