Farfajiyar makaranta mai bishiyoyi: dausayi za mu ce?

1/ Malamai da masu fassarar labarai, ku matso mu tsayar da kalma ɗaya. Turawa suna cewa greening idan an cika farfajiyar makaranta da bishiyoyi da lambu da wuraren zaman karatu a waje. Mu kuma kowa da abin da yake rubutawa.

2/ "Korantawa", daga launin kore, ba ta yi mini ba. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti, mai karatu zai ɗauka korar yara ake nufi. "Tsanwantawa" ta fi tsabta, amma tsanwa, wato kore, ta fi zama a bakin Sakkwatawa da mutanen Nijar, Bakano sai ya ɗan tsaya tunani. "Dashen bishiyoyi" kuwa ya yi kaɗan, ya bar lambu da ruwa da wurin zama a baya.

3/ Ni dai "dausayin makaranta" na zaɓa. A Faransa, birnin Faris ya fara irin wannan aiki a 2018 saboda tsananin zafi. Suna fasa kwaltar farfajiya su mayar da ƙasa mai shan ruwan sama, su dasa itatuwa, su kafa famfo. Oasis suka sa wa shirin, wato gurbi mai ruwa da inuwa a tsakiyar fako. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan wuri: dausayi, inda danshi ba ya yankewa, makiyayi ya kai dabbobinsa su huta. Sai mu ce "an mai da farfajiyar dausayi".

4/ Ƙirƙira irin wannan takan kama idan ta fito daga abin da mutane suka sani. Manoman Maraɗi da ke barin tohon gawo da kalgo ya girma a gona maimakon sarewa, "sassaben zamani" suke cewa, kuma ta zauna daram.

5/ Inda nake neman taimakonku shi ne ajin waje. "Karatu a gindin bishiya" a wurinmu labarin takaici ne, yara a ƙasa don babu aji, babu kujera. Abin da ake nufi a nan daban ne: aji yana nan, malam ne ya fito da ɗalibai ƙarƙashin darbejiya su auna tsawon inuwa, su ga yadda zogale ke tsiro. Ina ganin "ajin inuwa" zai raba biyun. Malaman firamare, idan kun faɗa wa yara haka, za su gane?