Tozo na biyu a awon rediyo: hujjar gudana ba gogayya ce, ko kuwa?

Ɗalibar Fiziks:
Assalamu alaikum, malamai. Ina shirin gabatar da ƙasida kan gas ɗin ƙwayoyin zarra na litiyom-6 da ake sanyayawa ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na digirin Kelbin, sai na ci karo da abin da ya ɗaure mini kai. A gwajin da rukunin Rudolf Grimm suka yi a Insburuk ta Ostiriya a 2004, sun aika igiyar rediyo domin ɗauke zarra daga wani matakin cikinta zuwa wani, sai zanen awon ya fito da tozo biyu: ɗaya a inda zarra mai zaman kanta ke amsawa, ɗaya kuma ya ɗan gusa, domin sai an ƙara kuzari kafin a raba zarra biyu da suka ɗaure. Shin wannan tozo na biyu ya isa a ce gas ɗin ya shiga yanayin gudana ba tare da gogayya ba?

Malamin Jami'a:
Wa alaikumus salam. Malama, bai isa ba, kuma dalili na farko yana cikin tarkon da aka riƙe gas ɗin. Tarkon hasken leza yana tara zarra da yawa a tsakiya, ya bar ƴan kaɗan a gefe. Na tsakiya suna cuɗanya sosai, wato suna tasiri a kan juna, don haka amsarsu tana gusawa, na gefe kuwa kusan kowace tana harkar gabanta. Idan aka haɗa amsar gajimaren gas ɗin gaba ɗaya a zane guda, tozo biyu na iya fitowa ko da gas ɗin bai sauya zuwa yanayin gudana ba gogayya ba. Shi ya sa a 2007 rukunin Wolfgang Ketterle a jami'ar MIT ta Amurka suka koma auna kowane ɓangare na gajimaren daban.

Dalili na biyu ya fi wahala, kuma a ganina shi ne ɗalibai suka fi tsallakewa. Gas ɗin haɗi ne na zarra masu mataki na ɗaya da masu mataki na biyu, igiyar rediyo kuma tana ɗauke wasu daga na biyu zuwa na uku. Lissafi mai sauƙi yana ɗauka cewa zarrar da aka ɗauke zuwa mataki na uku ta rabu da sauran ke nan. A litiyom-6 ba haka abin yake ba. Ana daidaita maganaɗisu a wajen gaus 832 (gaus shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) domin mataki na ɗaya da na biyu su yi cuɗanya mafi ƙarfi, amma mataki na ɗaya da na uku ma suna da irin wannan wuri a wajen gaus 690, wanda faɗinsa ya kai har inda ake aikin. Ashe zarrar ta fita daga wata cuɗanya ne ta faɗa wata, kuma abin da aka auna bambancin biyun ne. Da mutanen MIT suka sauya matakan da suke farawa da su, suka yi aiki a gaus 690, sai a 2008 suka sami giɓin ɗaurin, wato ma'aunin kuzarin da ke riƙe zarra biyu a ɗaure, kusan kashi 44 cikin ɗari na kuzarin Fermi, wato kuzarin da ake lissafawa daga cunkoson zarra a gas ɗin a yi ma'auni da shi. Hujjar gudana ba gogayya kuwa daga wani gwaji ta zo: a 2005 sun juya gajimaren, suka ɗauki hoton ƙananan guguwoyi jere reras a cikinsa.

Mai Nazarin Lissafi:
Malam ya gama magana kan tozon, ni wutsiyar zanen, wato gefensa na babban kuzari, zan ja hankalinki gare ta. Masanin fiziks Shina Tan ya nuna cewa adadi guda, wato yawan zarra biyu-biyu da ke dab da juna, shi ke juya akalar abubuwa da dama. Yawan zarra masu saurin gaske, waɗanda wutsiyar ke nunawa, yana raguwa da saurin a ƙarfi na huɗu (saurin a ninka shi da kansa sau huɗu), kuma adadin nan ne ke ƙayyade yawansu. Rukunin marigayiya Deborah Jin a cibiyar bincike ta JILA da ke Kolorado a Amurka sun gwada hakan da fotashiyom-40 a 2010, inda matsalar mataki na uku ba ta da ƙarfi. Abin lura shi ne adadin ba ya ɓacewa idan zafi ya haura inda gudana ba gogayya ke ƙarewa, wato kusan kashi 17 cikin ɗari na zafin Fermi (zafin da ya yi daidai da kuzarin Fermi), kamar yadda aka auna a MIT a 2012.

Ɗalibar Fiziks:
Na gode ƙwarai. Ke nan ɗaurin zarra daban, gudana ba gogayya daban. To wane awo ne ke ganin motsin gas ɗin a dunƙule?

Malamin Jami'a:
Awon Bragg. Ana gitta hasken leza biyu masu ɗan bambancin zango, su tura wa gas ɗin kuzari da turi gwargwadon yadda mai gwaji ya zaɓa, ba tare da an sauya matakin zarra ba. Rukunin Chris Vale a Jami'ar Swinburne da ke Melbon sun yi haka a 2017, suka ga amsa iri biyu: a ƙaramin kuzari akwai motsi irin na sauti da ke ratsa gas ɗin duka, sai an kai ninki biyu na giɓin kafin ɗaurin ya fara tsinkewa. Ki sanya zanensu kusa da na Insburuk a ƙasidarki. Idan kuma aka tambaye ki ko akwai giɓi na gaske sama da zafin da gudana ba gogayya ke ƙarewa, ki faɗa musu cewa rukunin Jin sun ba da rahoton alamarsa a 2010, amma masana ba su daina jayayya a kai ba.