Mi za mu ce ma "cryptorchidie" da Hausa?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da hira kan lahiyar yara nan Tahoua, likita ya ba ni kalmar cryptorchidie, watau a haihi yaro ɗan marainanshi guda ko duka biyu bai sabko cikin jaka ba. To ni mi zan hwaɗa ma tsohuwar da ke saurare a Keita ko Abalak?

Wani dattijo: Ai gwaiwa ce ɗana, mi ya kai ka neman sabon suna.

Sajfam (ungozoma): A'a baba, gwaiwa kumburi ce, wannan kuwa jakar wayam take, in kina ma jariri wanka kika taɓa gefe guda sai ki ji fata kawai ba ƙwaya ciki.

Malamin lakwal: Kalmar daga Girkanci take, kryptos ɓoyayye, orchis ɗan maraina. Mu ce ɓoyayyen maraina mu huta.

Sajfam: Malam ni ɓoyayye ɗin nan bai kwanta min ba, uwa na jin ɓoyo za ta ce ai mai ɓuya shi ka fitowa da kanshi, ta zamna jira har yaro ya shiga ajin CP a lakwal. Akwai ma wanda ke ɓuyan gaske, sanyi ya sa ya haye, a zuba ruwan ɗumi ya sabko, wannan sa ido kawai ake. Namu daban ne, cikin ciki ake halittar ƙwayar sai ta gangaro a watannin ƙarshe kafin haihuwa, to a hanya take tsayawa, galibi a matsematsi. Kusan yara maza 3 cikin 100 haka ake haihuwarsu, bakwaini sun fi, da yawa tana sabkowa da kanta amma in wata 6 ya cika shiru to da wuya. Kuma jakar nan ba banza aka rataye ta waje ba, ta fi jiki sanyi da digiri 2 zuwa 3, zahin ciki yana lalata iri sannu sannu. In gefe guda ne galibi mutum yana haihuwarshi lahiya lau, in duka biyu ne aka bari nan matsalar haihuwa take, ga haɗarin ciwon daji (kansa) da ke ƙaruwa. Shi ya sa ake son a yi aikin tiyata, orchidopexie, tsakanin wata 6 da 18, ba wai a bari sai lokacin kaciya ba.

Wani dattijo: To ƴata tunda a hanya ta tsaya ai maƙalewa ta yi.

Mai shirin rediyo: Wallahi baba ka gama magana! Maƙalewar maraina. Abin da ya maƙale kowa ya san yana nan bai ɓace ba, kuma sai an sa hannu. Orchidopexie ɗin kuma in ce aikin sabko da maraina?

Malamin lakwal: Na yarda, amma a rediyo ka ce ƴaƴan maraina, kar ka ce golaye, surukai na saurare.

Mai shirin rediyo: Haka zan hwaɗa ran Lahadi in sha Allah.