Ɓatan wata bayan shan ƙwayar gaggawa: ciki ne ko aikin magani?

Maman Abba, Rigasa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na zo da matsalar ƙanwata, kuma sai da ta ba ni izini na kawo ta zauren nan. Tana goyon ɗan wata tara, al'adarta ta dawo tun yaron yana wata shida, kuma babu abin da take tsoro irin kwanika, domin ta sha wahala ƙwarai a haihuwar nan. Ta ga jininta ranar 1 ga Yuni. Maigidanta direban babbar mota ne, ya dawo daga Fatakwal ranar 12 ga wata ba tare da ta san da zuwansa ba, shi ne washegari da safe, da saninsa, aka sayo mata Postinor-2, ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, ta sha. Ranar 18 da 19 ta ga ɗan jini mai duhu wanda ko ƙunzugu bai jiƙa ba, sannan ya ɗauke. Ta sa ran al'ada ranar 29, ga shi yau 7 ga Yuli shiru. Jiya na same ta zaune a bakin gado da kalanda a cinya tana ƙirga da yatsa, abincin da aka zuba mata ya huce ba ta taɓa ba. Wani mai kemis a layinsu ya ce ta ƙara shan wata ƙwayar domin ta buɗe mata jinin. Shin ta sha?

Hajiya Laraba, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Maman Abba, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, haihuwata tara, kuma na karɓi jikoki da hannuna. Ɓatan wata ɓatan wata ne, babu wani suna da za a sake masa. Matar aure mai miji a gida, wadda jininta ya wuce lokacinsa da kwana takwas, ciki gare ta. Wannan ɗan jinin da ta gani kuwa cikin ne ya girgiza, ƙwayar ta so ta fitar da shi Allah bai nufa ba. Ni a fahimtata waɗannan ƙwayoyi na zubar da ciki ne aka lulluɓe su da wani suna, kuma su ne suke lalata wa yaranmu mahaifa, ta yadda ran da suka zo neman haihuwa sai a yi ta yawon asibiti. Ta bar shan komai, ta je ta fara awo.

Maman Abba: Hajiya, na gode. Sai dai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ina roƙon Sista Hauwa ta sa mana baki.

Sista Hauwa, Kawo: Hajiya, ina gaisuwa. Na yarda da ke a abu ɗaya ɗari bisa ɗari, kada ta ƙara shan komai. Amma a sauran maganar ina neman afuwa, zan saɓa miki, domin aikina na ungozoma ya sa ina ganin irin wannan kusan kowane mako.

Abin da ke cikin Postinor-2 sinadari ne da aka rubuta a jikin kwalin da sunan levonorgestrel, ƙwaya biyu ne kowace miligiram 0.75, jimla 1.5. Aikinsa shi ne ya jinkirta fitowar ƙwan mace ko ya hana shi fita a wannan karon. Maniyyi yana iya rayuwa a jikin mace har kwana biyar yana jiran ƙwai, shi kuwa ƙwan idan ya fito bai fi kwana ɗaya ba yake lalacewa. Idan aka riƙe ƙwan har maniyyin ya mutu, babu haɗuwa, babu ciki. Idan kuma ƙwan ya riga ya fita kafin a sha ƙwayar, to ta makara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa wannan ƙwaya ba ta zubar da cikin da ya riga ya zauna, ba ta cutar da ɗan tayi, kuma ba ta hana haihuwa a gaba.

Daga nan jinkirin yake samo asali. Al'ada tana zuwa ne kimanin mako biyu bayan fitowar ƙwai, saboda haka idan magani ya tura ƙwan gaba da kwana biyar ko shida, ita ma al'adar sai ta matsa gaba. A wasu matan kuma takan riga lokacinta zuwa. Ɗan jinin ranar 18 ma sananne ne a wurinmu, yakan biyo bayan raguwar sinadarin a jiki kwanaki kaɗan da shan ƙwayar, kuma ba ya nuna akwai ciki, ba ya nuna babu. Ga shi kuma tana shayarwa, ga fargaba, kowannensu shi kaɗai yana iya rikita wa mace lissafi.

Hajiya Laraba: Sista, idan haka ne me ya sa 'yar maƙwabciyata ta sha ta, kuma bayan wata tara muka ci tuwon suna? Da idona na ga kwalin.

Sista Hauwa: Hajiya, wannan labarin naki hujja ce a gare ni. Ƙwayar ta kasa hana cikin, mai yiwuwa don ƙwai ya riga ya fita, kuma da ya shiga ba ta zubar da shi ba, har aka haifi yaron kuka ci suna. Da maganin zubarwa ce da ba a kai ga haka ba. Ban ce ba ta gazawa ba. Abin da na ce shi ne jinkiri kaɗai ba ya yanke hukunci.

Anti Rifkatu, Barnawa: Barkanmu da yamma. Ni mai harhaɗa magani ce, kuma ko da yake bayanin Sista daidai ne, ina jin tsoron kada mata su karanta shi su kwantar da hankali fiye da kima. Hajiya ba ta yi kuskure ba da ta ce a ɗauki kwana takwas da muhimmanci. Ƙa'idar da ke cikin takardar maganin kanta ita ce idan al'ada ta wuce lokacinta da kusan mako ɗaya a yi gwaji, kuma yarinyar nan ta sha ƙwayar ne a rana ta 13 da fara jininta, wato daidai lokacin da mai zagayen kwana 28 take dab da fitar da ƙwai. Wannan shi ne lokacin da aka fi samun gazawa.

Akwai kuma tambayoyin da babu wanda ya yi. Ta yi amai bayan ta sha? Idan aka yi amai cikin awa biyu ana sake sha ne, domin maganin bai gama shiga jiki ba. Tana shan wani magani na dogon lokaci? Rifamfisin na tarin fuka, da magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin da fenitoyin, da efabirenz na masu ɗauke da cutar ƙanjamau, duk suna sa hanta ta narkar da sinadarin da wuri har ƙarfinsa ya ragu. Mace mai ƙiba sosai ma akwai alamun cewa ba ya yi mata aiki kamar yadda yake yi wa siririya. Sannan ina aka sayo shi? A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan jabun Postinor-2 da aka kama a Najeriya, kuma hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kan jabun magunguna. Inda kwali yake da wurin kankarewa, a kankare a tura lambar a tabbatar kafin a haɗiya. Na taɓa karɓar wani kwali daga hannun wata baiwar Allah da ta sayo a tebur cikin kasuwa, rubutun jikinsa ya dusashe, ranar lalacewarsa kuma an manna wata takarda a kanta. Idan irin wannan mace ta sha, gari kawai ta haɗiya.

Shi kuwa mai kemis ɗin da ya ce a ƙara sha don jini ya buɗe, maganarsa ta fi komai ɓata mini rai a zancen nan. Wannan ƙwaya ba ta kawo al'ada. Idan akwai ciki ba za ta taɓa shi ba, idan babu kuma sai ta ƙara hargitsa zagayen, yarinya ta shiga sabon zaman ƙirga.

Malama Sa'adatu, Unguwar Rimi: Hajiya Laraba, uwa ce ke a gare mu, kuma kishin da ya sa kika yi magana abin yabo ne. Sai dai kalmar zubar da ciki tana da nauyi, bai kamata mu rataya ta a wuyan matar aure ba alhali masana sun ce aikin maganin hana haɗuwa ne tun farko. Hadisin Jabir, Allah ya ƙara masa yarda, yana cikin Bukhari da Muslim cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a lokacin da Alƙur'ani yake sauka, kuma a kansa ne malamai da yawa suka gina halaccin tazara idan ma'aurata sun yarda kuma babu cutarwa. Maman Abba ta ce da sanin mijin aka saya. Abin da nake so ta kula da shi shi ne wancan jinin na kwana biyu, saboda salla. A mashhurin mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu kwana 15 ne, don haka ta ƙirga daga ranar da ta yi wanka, ta kai wa malamin da ya san babin ya warware mata.

Maman Iman, Badarawa: Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa zan faɗi abin da ban saba faɗa ba. Shekara huɗu da suka wuce na sha irin wannan ƙwayar, al'adata ta yi jinkiri, ina ganin ɗigon jini jefi-jefi, sai na ce ai aikin magani ne, ban yi gwaji ba. A mako na uku da jinkirin ina tsugune ina wanke-wanke, sai na ji kamar an soka mini wuƙa a gefen mara na dama, gumi ya karyo mini, kafaɗata ta riƙe, na miƙe jiri ya kwashe ni. A Keke Napep aka kai ni asibiti, sikanin ya nuna ciki ne a bututun ƙwai kuma ya fashe, a daren aka yi mini aiki aka ƙara mini jini leda biyu. Likitar ta ce mini ba ƙwayar ce ta jawo shi ba, amma da na yi gwaji da wuri da an gano shi kafin ya fashe. Don Allah duk wadda ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri, ko jini ya ɓalle mata, kada ta tsaya tambaya a waya, ta nufi Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho ko duk babban asibitin da ya fi kusa da ita.

Sista Hauwa: Allah ya ƙara lafiya Maman Iman, na gode da kika faɗi wannan. Anti Rifkatu ma na karɓi gyaranki. Maman Abba, ga abin yi. Tsinken gwajin fitsari yana neman wani sinadari ne da jiki yake fitarwa bayan ciki ya zauna, kuma idan an cika kwana 21 da saduwa ana iya dogara da sakamakonsa. Daga 12 ga Yuni zuwa yau kwana 25 ke nan. Gobe ta yi da fitsarin farko na asuba, ta karanta cikin mintunan da takardar ta ce, kada ta ajiye shi ta dawo bayan awa ɗaya tana neman layi. Amma ki tambaye ta a keɓe, bayan ranar da ta sha ƙwayar sun sake saduwa ba tare da kariya ba?

Maman Abba: Barkanmu da asuba. Ba ta yi amai ba, ba ta shan wani magani, kuma mararta ba ta ciwo. Mun yi gwajin bayan sallar asuba, layi ɗaya ya fito, wato babu ciki, har ta yi kuka don murna. Sai dai da na yi mata tambayar Sista ta sunkuyar da kai ta ce maigidan ya sake kwana a gida ranar 21 ga Yuni kafin ya koma hanya, kuma ba su yi amfani da komai ba, domin a zatonta ƙwayar tana tsare mace har ƙarshen wata.

Hajiya Laraba: To kun gani. Ni dai har yanzu ban sauka daga maganata ba, sai na ga jini tukuna. Amma batun zubarwa na ji bayanin Malama, Allah ya yafe mana abin da muka faɗa ba da sani ba.

Sista Hauwa: Hajiya, a wannan karon ba zan yi miki musu da ƙarfi ba. Gwajin yau ya wanke daren 12 ga Yuni, amma bai wanke na 21 ba, domin ƙwayar ba ta kare saduwar da ta biyo bayanta, kuma tun da ta tura ƙwan gaba, yana yiwuwa ya fito ne a kusa da wannan ranar. Kwana 21 daga 21 ga Yuni zai cika ranar 12 ga Yuli. Idan jini bai zo ba kafin nan ta sake gwaji, idan kuma ya zo ɗan kaɗan ba kamar yadda ta saba ba, shi ma ta gwada. Ko me ya fito, Maman Abba, ki raka ta sashen tazarar haihuwa na asibitin gwamnati mafi kusa da ku, ku tafi da katin rigakafin yaron da kalandar nan tata. Mai miji matafiyi ba ta san ranar dawowarsa ba, allurar wata uku ko ashanar hannu ko robar mahaifa duk sun fi mata wannan ƙwayar tabbas, kuma duk suna tafiya da shayarwa. Kafin ranar 12 ɗin, idan maigidan ya dawo, su yi amfani da kwaroron roba domin kada lissafin ya sake komawa farko.