Mece ce Hausar taimin wutar injin tsohuwar mota?

Malamai da 'yan'uwa makanikai, ina so mu tsayar da kalma ɗaya da za mu riƙa amfani da ita a rubuce a madadin abin da Turawa ke kira ignition timing, wato aikin da ya wajaba a yi wa tsohuwar mota irin Peugeot 504 ko Volkswagen Beetle duk lokacin da aka kwance distirbuta, na'urar da ke raba wa fulogi wuta, aka gyara ta aka mayar. A gareji taimin muke cewa, amma kalmar tana ɗauke da abubuwa biyu da ba su da haɗi: akwai taimin na sarƙa ko bel, wanda ke tsara buɗewa da rufewar bawul, akwai kuma taimin na wuta. Mai mota kan ji an ce taimin ɗinsa ya goce, sai hankalinsa ya tashi yana zaton za a buɗe injin, alhali noti ɗaya za a sassauta.

Kafin a zaɓi suna, ya kamata a san aikin. Fetur da iskar da kafireta ta haɗa suna ɗaukar ɗan lokaci kafin su ƙone gaba ɗaya, don haka dole fulogi ya ba da tartsatsi tun fistin bai kai ƙololuwa ba, domin ƙarfin ƙunar ya same shi daidai lokacin da ya juyo ƙasa. Wannan 'yar tazarar ita ake aunawa, kuma da digiri na juyawar karanshaf, sandar da fistin ke juyawa, ake auna ta, ba da daƙiƙa ba. A injinan Beetle da dama digiri 7.5 ne kafin ƙololuwa, amma kowane injin da nasa adadin, wanda ke cikin littafin motar.

Shawara ta farko da aka kawo ita ce lokacin wuta. Ban gamsu da ita ba, domin a bakin Bahaushen yau wuta ta ƙunshi batir da wayoyi da fitilu, shi ya sa muke cewa mai gyaran wutar mota, kuma wanda ya ji an ce lokacin wuta zai fi tuna lokacin da ake kawo lantarki a unguwarsu. Saitin wuta ma matsalarsa ɗaya da wannan. Wani ya kawo ƙyastawa, daga ƙyastu da ake buga wa ƙanƙara a sami wuta, kuma kalmar tana da kyau ƙwarai, domin ta kama ma'anar kunna wuta a bugu ɗaya. Sai dai direba zai iya ɗauka cewa murɗa makulli ake nufi.

Ni a ganina tartsatsi ce ta fi dacewa, saboda abu ne da ido ke gani: idan aka cire wayar fulogi aka kusantar da ita jikin injin aka buga sitata, abin da ke tsalle shuɗi-shuɗi shi ne tartsatsi, kuma ba a rikita shi da wani abu a mota. Sai mu ce lokacin tartsatsi ga abin da ake aunawa, mu ce saitin tartsatsi ga aikin da makanike ke yi. Saiti ta riga ta zauna a Hausa, ba ta bukatar wani bayani.

Gwajin kalma shi ne a sa ta cikin aikin a ga ko za ta ɗauka. Bayan an gyara distirbuta, ana fara daidaita tazarar foyin, wato ƙarafa biyun da ke haɗuwa suna rabuwa a cikin distirbuta, wadda a Beetle milimita 0.4 ce, domin duk canjin da aka yi wa wannan tazara yana motsa lokacin tartsatsi, kuma wanda ya yi saiti kafin ya daidaita ta zai maimaita aikin. Daga nan a juya injin da hannu har fistin na ɗaya ya hau sama a zagayen matse iska, wanda ake ganewa idan aka toshe ramin fulogi da babban yatsa aka ji iska na ture shi. Wannan matakin ne aka fi kuskurewa, domin fistin yana hawa sama sau biyu a kowane cikakken zagaye, kuma idan aka zura distirbuta a hawan fitar da hayaƙi, motar ba za ta tashi ba sai dai ta yi ta harbi ta kafireta ko ta salansa. Idan ta tashi ta yi zafi, a shafa alli a kan alamar fuli, wato faifan da ke bakin karanshaf, a cire tiyon iska na distirbuta a toshe shi in littafin ya ce a yi haka, a haska fitilar saiti da ke manne da wayar fulogi na ɗaya, sannan a sassauta noti a murɗa jikin distirbuta kaɗan-kaɗan. Distirbuta rabin gudun karanshaf take yi, saboda haka murɗin digiri 1 a jikinta digiri 2 ne a fuli.

Sauran kalmomi biyu su ne advance da retard. Murɗa distirbuta saɓanin inda rota, abin da ke juyawa a cikinta, ke bi shi ne gaggauta tartsatsi, wato advance; murɗa ta inda rota ke bi shi ne jinkirta shi, wato retard. Na guji kalmar gabatarwa a madadin advance saboda ta fi zama a kan gabatar da mutum ko jawabi. Idan kuwa matsala ake bayyanawa, a ce tartsatsi ya yi wuri, wato injin na ƙwanƙwasa a hawan tudu yana ture sitata, ko a ce ya makara, wato mota ta rasa ƙarfi tana shan mai tana zafi.

Distirbuta kam a bar ta da sunanta. A Faransanci delko ake ce mata, daga kamfanin Delco na Charles Kettering wanda tsarin wutarsa ya shiga motocin Cadillac a 1910, don haka ina roƙon makanikan Maraɗi da Damagaram su faɗa mana yadda suke kiran wannan saiti a garejinsu, mu gwada shi da saitin tartsatsi kafin mu tsayar.