Bayan aikin zuciya: bugun da ke tsallake da fargabar da ke biyo shi

Mai buɗe zancen, ɗan kasuwa daga Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da aka yi mini aikin da likitoci ke kira abileshan, inda aka zura siririyar waya ta jijiyar matsematsina har cikin zuciya, aka ƙone wurin da ke rikita bugunta, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Hudar ta warke cikin mako guda, amma hankalina bai kwanta ba har yau. Da zarar na kishingiɗa ta ɓarin hagu bayan isha'i, sai in ji zuciyar ta tsallake bugu ɗaya, ta yi tsit, sannan ta doka da ƙarfi har maƙogwaro. Nan take gabana yake faɗuwa, in ɗora yatsu a wuyan hannu ina ƙirge, har uwargida ta farka tana tambaya ko a tayar da mota. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan hali su gaya mini yadda suka yi.

Wata malamar makaranta daga Zariya:

Wa'alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji. Shekara shida ke nan da aka sauya mini bawul ɗin zuciya, wato ƙyauren da ke hana jini komawa baya, da na ƙarfe a Indiya, saboda ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba tun ina yarinya ya jawo zazzaɓin da ya lalata shi. Ba wanda ya shirya ni da cewa zan riƙa jin ƙararsa. Idan dare ya raba, aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, sai in ji ƙyas-ƙyas a ƙirjina kamar agogon bango, kuma duk lokacin da ƙarar ta yi jinkiri sai in fara kalmar shahada. Na shafe kusan shekara guda a haka.

Abin da ya fitar da ni shi ne na'urar Holta mai naɗar bugun zuciya, wadda aka manna mini wayoyinta a ƙirji na kwana da ita awa 24, aka kuma ce in rubuta lokacin duk da na ji abin. Likita ya ɗora rubutuna kan zanen da na'urar ta fitar, ya nuna mini cewa zuciyar ba tsayawa take yi ba. Bugu ɗaya ne ke zuwa kafin lokacinsa, sai ta ɗan dakata, jini ya cika ta sosai, shi ya sa bugun da ke biye yake zuwa da ƙarfi. Ya ce irin wanda aka gani a wurina ba mai haɗari ba ne. Ina shan wafarin, maganin hana daskarewar jini, kullum, ina zuwa awon tsinkewar jini a kan lokaci, amma ƙirgen bugu na rage shi sannu a hankali, daga sau goma a yini zuwa sau ɗaya da safe, domin na lura ƙirgen kansa ke hura wutar tsoron.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati daga Maraɗi:

Ɗana, ni kuskurena zan ba ka labari. Bayan an saka mini ɗan bututun raga a jijiyar zuciya ta wuyan hannu, an haɗa ni da asfirin da kilofidogirel, magungunan hana daskarewar jini, da kuma bisofurolol. Na ji ana cewa bugun babban mutum a zaune yana tsakanin 60 da 100 a minti, sai na ga nawa ya sauka 55, na tsorata, na ajiye bisofurolol ban gaya wa kowa ba. Kwana biyu tsakani zuciyata ta kama gudu har aka kai ni asibiti da tsakar dare. Likita ya yi mini faɗa sosai, ya ce rage bugun shi ne aikin maganin, kuma ba a yanke shi farat ɗaya, haka ma na hana daskarewar jini, domin barinsu na iya toshe bututun. Ya kuma tambaye ni goro nawa nake ci da kofin shayi nawa nake sha a majalisa, da na rage su na ga bambanci. Amma ka riƙe abin da ya jaddada mini: idan bugun ya zo da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko jiri mai ƙarfi, ko suma, ko ya ɗauki gudu ya ƙi lafawa, ba a jiran gari ya waye.

Wata matashiya daga Jos:

Baba ya yi gaskiya. Ni abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda dangi suka riƙa cewa rashin tawakkali ne ke damuna, har na daina faɗa wa kowa. Da aka auna jinina sai aka tarar ya yi ƙasa, kuma ƙarancin jini kaɗai na iya sa zuciya sauri. An ba ni maganin ƙarin jini, aka kuma tura ni wurin likitan halayyar ɗan Adam, wanda ya koya mini jan numfashi a hankali da fita tafiya da yamma, alhali a da ko matakala ina tsoron hawa. Addu'ata ban bari ba, kuma ban ga ta ci karo da neman magani ba.

Mai buɗe zancen:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma wurin likitana jiya, ya ce a wata ukun farko bayan irin aikina ba abin mamaki ba ne zuciya ta riƙa rikicewa kafin wurin da aka ƙone ya gama warkewa, kuma ba a yanke hukunci kan nasarar aikin sai bayan nan. Duk da haka ya rubuta mini awon jini, kuma ranar Alhamis za a ɗaura mini Holta. Malama, na sayi ƙaramin littafi na ajiye a gefen katifa domin rubuta lokutan, kamar yadda kika yi.